Na kori tsohon ɗalibina daga zaure saboda labarin dogaran Sarki

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Ringim a Jihar Jigawa. Wataƙila wasu su ɗauki damuwata abin dariya, amma ni ta hana ni sukuni. Shekara shida ke nan da wani ɗan baffana da ya yi karatu a Ingila ya bar mini akwatin 'yan sojojin roba da littattafai uku na wasan Warhammer 40,000. Wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur da ƙwayar ludo da tef ɗin awo, labarinsa kuma na wata daular 'yan Adam ce a can cikin taurari. Na koya wa samari biyar. Duk yammacin Juma'a muna kwantar da tsohon ƙyaure a zaurena, mu gina ganuwa da kwali da karan dawa, in sojoji sun yi kaɗan mu ƙera wasu da yumɓu. Da yake ni ne Turancin littattafan bai fi ƙarfina ba, ni nake ba su labarin da Hausa, har na cika littafin rubutu huɗu da fassara.

Rundunata ita ce ta dogaran Sarkin wannan daula masu sulken zinariya. Na faɗa musu abin da littafina ya ce, cewa daga cikin 'ya'ya maza na manyan gidaje ake zaɓo su tun suna jarirai. Kwanakin baya ƙaraminmu, wanda tsohon ɗalibina ne, ya sayi babbar waya da kuɗin riɗinsa. Sai ya zo a gaban kowa ya ce kamfanin da ke yin wasan ya ce akwai mata a cikin dogaran, wai tun asali ma akwai su. Ya ƙara da cewa, "Ashe Malam shaci-faɗi ake yi mana." Aka kwashe da dariya. Na tattara kayana, na ce kada ya sake tako mini zaure. Da na bincika sai na tarar gaskiya ya faɗa, kuma ba wannan kaɗai aka sauya ba. Yau wata biyu ba mu yi wasa ba. Biyu suna bayansa, biyu suna bayana. In na buɗe littattafan fassarata sai in ji kamar wahalar banza na sha. Maiɗakina ta ce in rabar wa yara da 'yan tsanan in huta. Shin in haƙura da wasan gaba ɗaya ne?

Wani malami daga yankin Ringim

Wa alaikumus salam, Malam. Ban yi dariya ba da na karanta wasiƙarka. Mutumin da zai wuni yana fama da yara a aji, ya dawo ya zauna da fitila yana juya Turanci mai nauyi zuwa Hausa har littafi huɗu, don kawai samarin unguwarsu su san dalilin da ya sa wannan runduna take gaba da waccan, ya zuba wani yanki na rayuwarsa a cikin abin. Duk abin da mutum ya zuba wa shekara shida yana da haƙƙin ya ji zafi in an taɓa shi. Sai dai na ga ciwo biyu ne suka haɗe maka wuri guda, na kamfanin da na kalmar da yaron ya jefa maka, kuma muddin ba ka raba su ba, duk maganin da ka sa wa ɗaya ɗayan zai ci gaba da zogi.

Bari in fara wanke ka. A watan Afrilun 2024 kamfanin Games Workshop, wanda ke birnin Nottingham a Ingila, ya fitar da sabon kundin dogaran nan da ake kira Adeptus Custodes, a ƙarƙashin bugu na goma na wasan da ya fito a 2023. A cikin kundin aka ga wani ɗan gajeren labari da dogariya mace a ciki. Da masu wasa suka yi ta tambaya, kamfanin ya ba da amsa a shafinsa na X cewa tun da aka kafa rundunar Dubu Goma, wato dogaran nan, akwai mata a cikinta. Kundin 2018 kuwa, wanda daga bayaninka nake jin shi ne a hannunka, ya ambaci 'ya'ya maza na manyan gidajen Terra, wato wannan duniya tamu a cikin labarin, ƙarara. Don haka abin da ka karanta shi ka faɗa, kuma a lokacin da ka faɗe shi haka yake a rubuce. Babu ƙarya a bakinka ko ta ƙwayar zarra.

Kuma ka sani ba kai kaɗai wannan amsa ta ɓata wa rai ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a kanta a ƙasashe da dama, har da mutanen da ba su da wata matsala da shigowar mata, abin da ya tsaya musu a rai shi ne kalmar "tun asali". A nan ina tare da kai. Akwai bambanci tsakanin a ce labari ya ci gaba da a ce abin da ka sani jiya bai taɓa kasancewa ba. A 2017, da aka kawo sababbin baraden nan masu tsawo da ake kira Primaris, an gina musu dalili a cikin labarin: wani masanin ƙere-ƙere mai suna Belisarius Cawl ya shafe shekara dubu goma yana aikinsu a ɓoye. Mutane sun yi gunaguni, wasu har yau ba su haɗiye ba, amma ba a mai da wanda ya haddace tsohon labarin maƙaryaci ba. Da an yi wa dogaran irin wannan shimfiɗa, da yaron ya zo maka da sabon babi ne, kai kuma ka ɗauko alƙalami ka ƙara shafi.

To amma ga inda nake so ka tsaya ka yi nazari, domin a nan sauƙinka yake. Littafin da kake riƙe da shi a matsayin asali, shi kansa ɗan sauyi ne. A bugun farko na 1987, wanda Rick Priestley ya rubuta, an zana dogaran nan da dogayen kwalkwali da ƙirji a buɗe, ba su da sulken zinariyar da kake shafa wa fenti. Shekara da shekaru labarin yana cewa da wuya su fita daga fadar Sarki, suna can suna gadin karagarsa cikin makoki. Sai bayan da aka tashi Roboute Guilliman, ɗaya daga cikin 'ya'yan Sarkin, daga doguwar sumarsa a labarin 2017 aka buɗe musu ƙofa suka bazu fagen fama, sannan suka sami kundin kansu a 2018. Wato da ba a taɓa labarin ba, da ba ka da rundunar da za ka jera a kan ƙyauren zaurenka. A wancan lokacin akwai tsofaffin masu wasa da suka ji irin abin da kake ji yanzu, a kan littafin nan da kake ƙauna.

Ba su kaɗai ba. Mutanen ƙarfen nan, Necron, da can bayi ne marasa magana da ke bin wasu halittu masu cin taurari. A 2011 aka wayi gari sun zama masarautu masu sarakuna da fadawa da girman kai, su ne ma suka farfasa iyayengijin nasu. Gajerun mutanen da ake kira Squat an share su daga wasan tun bugun 1998, masu rundunarsu suka yi ta jira sama da shekara ashirin, sai a 2022 aka dawo da irinsu da sabon suna da sabon tarihi. Duniyar Cadia, ganuwar daular, an yi gagarumin yaƙi a kanta a 2003 wanda masu wasa daga ƙasashe daban-daban suka aika da sakamakon wasanninsu, ta tsaya da ƙyar, sai a 2017 aka sake ba da labarin aka tarwatsa ta. Ɗan'uwan wannan wasa ma, mai takubba da dawaki, an halaka duniyarsa ɗungurungum a 2015, aka kuma dawo da ita a 2024. Dalilin bai ɓuya ba. Kamfani ne mai sayar da 'yan sojoji, kuma labarin shi ne ke sa a saye su. Marubuta masu yawa sun yi ta miƙa wa juna alƙalami kusan shekara arba'in, kowane bugu kuma yana bukatar sabon abin da zai kai mutane kanti. Ban faɗi haka don in zarge su ba, sana'arsu ke nan. Na faɗa ne don ka daina jingina natsuwarka da bangon da masu shi suke rushewa suna sake ginawa duk bayan 'yan shekaru.

Mu Hausawa ai mun saba da labari mai ruwaya fiye da ɗaya. Ka tambayi dattijon Daura labarin Bayajidda, ka tambayi na Gaya inda aka ce maƙera sun ƙera masa wuƙa, ka je Garun Gabas a ƙasar Haɗeja inda aka ce ya bar matarsa ta haifi Biram, za ka ji kowa da inda ya fi ba ƙarfi, jerin Banza Bakwai ma ba iri ɗaya kowa yake kawowa ba. Ba wanda yake ce wa dattijon maƙaryaci, sai dai a ce haka ya ji daga magabatansa. Na san akwai bambanci, domin Bayajidda ba shi da mai shi, wannan labari kuwa yana da masu shi da suke da ikon cewa ga na yanzu. Amma ikonsu a kan abin da suke bugawa yake. Bai kai zaurenka ba.

Akwai wata tambaya da zan bar maka ka amsa wa kanka, ba sai ka faɗa wa kowa ba. Da a ce sauyin ba na mata ba ne, a ce launin sulkensu aka sauya aka ce tun asali haka yake, da zafin zai kai haka? In amsar ita ce e, to yadda aka yi sauyin ne ya dame ka, kuma na riga na ce kana da hujja. In kuwa ka ji ganin mace da mashi a ƙofar fada shi ne ya fi tsaya maka, to ka tuna labarin da ka fassara da hannunka cike yake da mata mayaƙa. Akwai rundunar Adepta Sororitas, akwai kuma matan nan masu alwashin shiru da suke fita yaƙi kafaɗa da kafaɗa da dogaran naka. Kai kuma da bakinka kake koya wa yara tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ba dole ne ka so sauyin ba. Ina so ne ka san ainihin abin da kake ƙi, don kada ka je yin sulhu da hujjar da ba ita ce a zuciyarka ba.

Yanzu ga yaron. Ya yi laifi, ba na rufa masa. Ko da gaskiya ce a hannunsa, ba a ce wa malamin da ya koya maka baƙi da wasali yana shaci-faɗi, balle a gaban mutane, balle a cikin zaurensa. Wannan rashin ladabi ne kuma ya kamata ya ji haka daga bakinka. Amma dubi abin da ya yi kafin bakinsa ya kufce. Saurayi ya noma riɗi, ya sayar, ya sayi waya, ya sa data mai tsada, kuma cikin duk abubuwan da ke intanet ya je neman ƙarin labarin da kai ka shuka masa. Ya dawo da gudu da abin da ya gano, yana ɗokin a karon farko shi ma ya kawo wani abu majalisa. Ƙuruciya ta sa ya kawo shi da izgili. Ni a wurina wannan yaron shi ne babbar shaidar cewa littattafanka huɗu sun yi aiki.

Kai ma Malam ka yi naka kuskuren, kuma na san ka sani, shi ya sa ka rubuto. Ka huce haushin kaza a kan dami. Masu sauya labarin suna Ingila, hannunka ba ya kai musu, yaron kuwa ga shi a gabanka. Ina kuma jin akwai wani tsoro da ba ka ambata ba: shekara shida kai ne ƙofa ɗaya tilo da samarin nan suke shiga wannan duniya ta cikinta, yanzu ga waya ta buɗe wata ƙofar. Wannan tsoro ne na ɗan Adam, kowane malami yana haɗuwa da shi ranar da ɗalibi ya riga shi jin wani abu. Sai dai wayar Turanci take yi masa, a gutsuttsure, haɗe da hayaniyar masu faɗa da juna. Ba za ta zauna ta warware masa da Hausa yadda Horus, ɗan Sarkin, ya ci amanar mahaifinsa ba, har ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wannan aikin har gobe naka ne.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka jira shi ya zo, domin kai ka kore shi, kuma yaro mai kunya ba zai tako inda aka hana shi ba ko da nadama ta cika shi. Ka aika babban cikin samarin ya kira maka shi, ku zauna ku biyu, ba a ranar wasa ba. Ka buɗe masa shafin da ke maganar 'ya'ya maza, ka sa yatsa a kan layin, ka nuna masa shekarar da aka buga littafin. Sannan ka ce masa abin da ya gano gaskiya ne, ka bincika ka tabbatar. Bayan nan ka faɗa masa a fili cewa kalmar shaci-faɗi ta yi maka ciwo, kuma ba haka ake gyara wa babba ba. Ka janye korar da bakinka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma ina kyautata zaton kafin ka rufe baki zai ba ka haƙuri. In bai bayar a ranar ba, kada ka matsa. Ka yi naka, ka bar masa kwana biyu.

Sauran huɗun kuma ka sauke musu nauyin da ka ɗora musu. Ƙauye ɗaya kuke, masallaci ɗaya, gobe za ku haɗu a wurin suna ko gayya. Bai kamata a ce samari suna kauce wa juna a hanyar gona saboda rigimar da ba su suka haɗa ba.

In kun dawo kan ƙyaure, ku yi abin da 'yan dara suke yi. Ramukan nan talatin ne, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, amma in baƙo ya zo daga wani gari sai an daidaita ƙa'ida kafin a fara, kuma ba wanda yake cewa darar garinsu ce kaɗai dara. Ku zauna ku shida ku yanke da wace ruwaya zaurenku zai yi aiki. Kuna iya cewa labarinku ya tsaya a kan littattafan 2018, kuna iya karɓar sabon, kuna kuma iya barin kowa da ikon rundunarsa: taka ta zauna yadda ka san ta, in yaron yana son ya ƙera dogariya da yumɓu ya sa a tasa, bismillah. Masu kamfanin da kansu sun bar irin wannan fili da gangan. Cikin manyan rundunoni ashirin na farkon daular, ta biyu da ta goma sha ɗaya an bar tarihinsu a shafe, kuma an ce ƙungiyoyin barade sun kai kimanin dubu, waɗanda aka ba da cikakken labarinsu kaɗan ne. Mutanen da suke gina ganuwa da karan dawa ba su da dalilin jiran izini daga Nottingham kafin su ƙirƙiri duniyarsu, da sarkinta, da kasuwarta, da abokan gabanta.

Sai kuma littafi na biyar. Ka saya, ka ba yaron aikin kawo duk sabon abin da ya ji, kai kuma ka tace, ka fassara, ka rubuta shekara a gefen kowane labari: ruwayar 1987, ruwayar 2018, ruwayar 2024. Tsofaffin huɗun kada ka goge ko layi ɗaya a cikinsu, ka dai rubuta a bangon kowanne daga wane bugu aka ɗauko shi. Da haka duk sauyin da ya zo nan gaba, kuma zai zo, shafi zai ƙara maka.

Maganar maiɗakinka kada ka yi watsi da ita. Ba na jin 'yan sojojin ne suka dame ta. Wata biyu tana kallon mijinta yana shiga yana fita da ɓacin rai a kan abin da aka ce wasa ne, dole ta nemi hanyar da ta fi gajarta. Ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da ya faru kamar yadda ka faɗa mini, har da dariyar da aka yi maka, domin ina zargin rabin labarin kawai ta sani. Ka kuma tabbatar mata ba za ka bi sababbin littattafai da sojoji da kuɗin cefane ba. Kayan nan da fam ɗin Ingila ake sa musu farashi, albashin malamin firamare ba zai iya tsere da su ba, kuma ba ka bukata. Abin da ke cikin akwatinka ya ishe ku wasu shekaru shidan.

In kuma bayan an yi sulhu ka zauna gaban ƙyauren ka ji daɗin ya tafi da gaske, wannan ma ba laifi ba ne, mutum yana girma ya bar abu. Amma kada ka yanke hukuncin yanzu da zuciya ke tafasa. Ka ba kanka damina guda. Ka ba samarin aron akwatin, aro na ce ba kyauta ba, su ci gaba da yi a wani zauren, littattafan fassarar kuwa su zauna a wurinka. In kaka ta yi, aka kai amfani gida, ka ga ko ƙafarka za ta ja ka zuwa inda suke. In ba ta ja ka ba, hannun da ya iya fassara littafi huɗu zai iya rubuta nasa labarin taurarin da Hausa tun daga tushe, wanda ba mai sauya masa shi sai shi.

Amma kafin duk wannan, ka aika a kira yaron a cikin makon nan. Ka ajiye littafin 2018 kusa da kai da alama a shafin, ka kuma ce masa ya zo da wayar da cajinta, domin akwai abin da kake so ya nuna maka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya maka zuciya.